Shagon buga hotuna a titin Gidan Zoo da kasuwar Guttuso

Akwai wani shagon buga hotuna da sanya firam a titin Gidan Zoo wanda galibin aikinsa hotunan biki ne da fastocin 'yan siyasa, kuma shi na ba aikin fitar da zanen Renato Guttuso mai suna La Vucciria a kan kanbas.

An haifi Guttuso a garin Bagheria da ke tsibirin Sisili na Italiya a ƙarshen 1911. Ya shiga jam'iyyar kwaminis a 1940, a lokacin tana haramce a ƙarƙashin gwamnatin Musolini, kuma ya shafe rayuwarsa yana zana manoman da ba su da gonar kansu da masunta da masu haƙar ma'adinai. An zaɓe shi sanata a 1976, ya mutu a birnin Rum a 1987. Zanen da ake magana, na 1974, yana nuna tsohuwar kasuwar birnin Palermo: tumatir da ƙwai da kifi sun cika ko'ina, ga tsagin naman sa a rataye kusa da mahauci, mutane kuma suna kutsawa ta wani siririn lungu, kamar dai kasuwar 'Yan Kaba ta Kano da sassafe.

Ta fuskar launi, shagon ya cancanci yabo. Jan nama da na tumatir sun fito ba tare da sun haɗe ba, farar rigar matar da ta juya baya ta tsaya fes, firam ɗin katako kuma an haɗa shi da kyau. Farashin ma bai wuce kima ba.

Matsalar tana wajen girma. Asalin zanen mita 3 ne tsawo da faɗi, amma ma'aikacin ya so ya datse gefe domin hoton ya shiga firam ɗin da suke da shi a ƙasa, wanda hakan zai taɓa mahaucin, alhali irin waɗannan masu neman na abinci su ne abin da Guttuso ya damu da su. Sai da na nace kafin suka yanka sabon katako. Ledar mai sheƙi da suka saba shimfiɗawa ita ma ba ta dace ba, domin tana ɓoye fuskokin da ke cikin duhu da zarar an kunna fitila.

Wanda zai kai musu irin wannan aiki ya nemi gwaji a ƙaramar takarda tukuna, ya kuma faɗa musu tun farko cewa ba ya son leda.