Koriyar mota a kan layin shuɗi: ra'ayina bayan wata 6

Wata 6 kenan ina hawa bas ɗin kamfanin nan safe da yamma, tun lokacin da suka yi wa motocinsu sabon fenti, kowane layi da kalarsa, namu kore, ɗaya layin da muke haɗa tasha da su kuma shuɗi. Tauraro 3 zan ba su cikin 5, kuma biyun da na zare ba laifin direbobi ba ne, na masu rabon mota a gareji da asuba ne.

Da farko abin ya burge ni gaskiya. Ido kala yake fara kamawa kafin lamba, balle da daddare ko ana tsuga ruwa, ga tsofaffin da ido ya fara rauni, ga wanda bai iya karatu ba sam. Ka hango kore ka miƙe, ka hango shuɗi ka gyara zama. Ba su suka fara ba ma, birnin Seoul na Koriya ta Kudu tun 2004 ya raba nasa haka, shuɗi na manyan hanyoyi masu nisa, kore na kwaso mutane daga unguwanni zuwa tashoshin jirgin ƙasa, ja na fita garuruwan kewaye, ruwan ɗorawa na zagaye a tsakiyar gari. Amma fa can kalar irin aikin motar take nunawa ba layi guda ba, shi ya sa shuɗiyar mota za ta iya yin wannan layi yau gobe wancan ba ta yaudari kowa ba. Namu kuwa har sunayen tashoshi suka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin mota, to nan gizo ke saƙar.

Ran nan a gabana wata dattijuwa ta shiga koriyar mota, ashe ranar layin shuɗi aka tura ta, sai da aka yi nisa ta ga hanya ta sauya ta fara salati. Direba ya ce "Mama ai ga lamba nan a gaba", ta ce "ɗan nan ni kore na sani, ku kuka koya min." Wallahi ba wanda ya iya ce mata komai, don gaskiyarta ne.

Na fahimci yadda abin ke faruwa, ba wai mugunta ba ce. A ce layi na buƙatar mota 10 lokacin cunkoso, kamfani ya fenta 10 cif ko 11, alhali kullum sai an samu wadda ke hannun kanikawa ana mata sabis, wata an goge ta a hanya, wata taya, wata birki, shi kuma mai rabon mota abin da ya dame shi kada lokacin fita ya yi ba mota, duk wadda ta tashi turawa yake. Wani lokacin ma mota ɗaya ce aka tsara ta gama wannan layin ta juya ta kama wancan. In motar ko-ta-kwana mara rubutu aka turo ni ba ni da matsala, dole ka duba lamba. Wadda ke ɗauke da sunan wani layin ita ce bala'in.

Sai maganar abin da aka rubuta a jiki, wai esi, wurin cajin waya, intanet kyauta. Ranar da ka dace da sabuwar mota duk akwai su kuma suna aiki, ba ƙarya. Ranar da aka turo tsohuwa kuwa kuɗin dai ɗaya, zufa kyauta. Ni caji bai dame ni ba sosai, abin da ya tsaya min a rai mai keken guragu ne da aka bari a tasha saboda motar da ta zo mai matakala ce, alhali a takarda an ce motocin layin duk masu ƙasa-ƙasa ne marasa matakala. A Landan motocin bas kusan duk ja ne ko da kamfanoni daban-daban ke tafiyar da su ƙarƙashin hukumar sufurin birnin, TfL, ba wani ado, lamba ce ke magana, amma kowace ta zo mai keke zai iya shiga. Ni wannan ya fi min fenti.

Ga kuma gajeriyar mota da ake turo mana ƙarfe 7 na safe mu cika kamar ashana a kwali, doguwar kuma ka gan ta da rana tana yawo da mutum huɗu.

Sitikar tallar nan mai ƙananan huji da suke mannawa har kan gilashi ma a cire ta don Allah, da daddare in an kunna fitilar ciki ba ka ganin waje, sau biyu ina wuce tashata.

Tsafta kam suna ƙoƙari, direbobi akwai haƙuri, manhajarsu ma tana faɗin lokacin isowa kusan daidai, sai dai ba ta gaya maka wace irin mota ce ke zuwa, wanda shi ne abin da mai keke ko mai goyo ke son sani. Duk mai niyyar hawa ya hau, amma ya duba lambar gaba kafin ya sa ƙafa. Jiya ma shuɗiya ce ta kai ni gida.