RAID 0 ko RAID 1 a ƙaramar kwamfutar tebur?

Masu ƙaramar kwamfutar tebur mai gurbin faifai biyu sun sha tambayata: RAID 0 za su haɗa ko RAID 1? RAID dai hanya ce ta haɗa faifan ajiya biyu ko fiye su yi aiki tamkar ɗaya.

A ce kana da faifan SSD biyu, wato faifan ajiya mai sauri, kowanne na ɗaukar tera 1 (terabyte ɗaya) na bayanai. RAID 0 yana yanka fayil gunduwa-gunduwa ya raba wa faifan biyu, sai ka samu tera 2 cif, ga ƙarin sauri. RAID 1 kuwa, abin da ya rubuta a wannan shi zai rubuta a wancan. Ka biya kuɗin tera 2, ka tashi da 1.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da faifai ɗaya ya mutu. A RAID 0 komai ya tafi, har abin da ke kan lafiyayyen, domin rabin fayil ba ya buɗuwa. A RAID 1 kwamfutar za ta ci gaba da aiki, ka sauya mataccen, ta kwafe wa sabon komai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar RAID 1 tamkar ajiyar ko-ta-kwana. Fayil ɗin da ka goge bisa kuskure, nan take ya gogu a duka biyun. Dole ka ajiye kwafi a wani faifan waje.

Sai zafi. Akwatin ƙarami ne, iska ba ta zagayawa, kuma faifan NVMe, wani nau'in SSD, kan rage gudu da kansa idan ya ɗau zafi, saurin da ka nema ya zirare.

Mai tace bidiyo ko wasannin kwamfuta, wanda ke da kwafin kayansa a gefe, RAID 0 zai yi masa. Mai riƙe da takardun aiki, wanda tsayawar kwamfuta na yini ɗaya asara ce gare shi, ya ɗauki RAID 1.