Zaɓen Kayan Ƙarasa Motar Hot Rod Bisa Salon Zamaninta

Motar da Amurkawa ke kira hot rod ta samo asali ne a kudancin Kalifoniya cikin shekarun 1930, lokacin da samari masu ƙaramin ƙarfi ke sayen tsofaffin motocin Ford da araha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, sannan su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage domin gwada gudu. A 1937 aka kafa ƙungiyar SCTA mai tsara waɗannan tsere, a 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, a 1949 SCTA ta fara taron gudunta na shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah, sannan a 1951 Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar masu hot rod ta ƙasar Amurka. Waɗannan shekaru suna da amfani ga mai saye, domin duk wanda ya kai aikin motarsa matakin ƙarasawa, kuma yake so ta fito kamar an gina ta a wancan zamani, da su zai auna kowane ƙarfe da zai biya kuɗinsa.

Shawarata ta farko ita ce mai aikin ya tsayar da shekara guda kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya, ya rubuta ta a bangon garejinsa, ya kuma ɗaure kansa da sharaɗin cewa ba zai ɗora wa motar wani abin da ido ke gani ba sai wanda ake iya samu a kasuwa a wannan shekara. Yawancin motocin da ke fitowa a hargitse ba rashin kuɗi ne ya ɓata su ba. Masu su sun sayi kaya masu kyau da tsada, amma daga zamani daban-daban, sai ka ga bodi irin na 1948 a kan rim na 1964, da sitiyari na wani zamanin dabam. Salon bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946 zuwa wajen 1953, salon tsere ne marar ado. Daga tsakiyar shekarun 1950 sai sababbin injuna da ƙarfe mai ƙyalli suka shigo, farkon shekarun 1960 kuwa zamanin fenti mai walƙiya ne da motocin nuni.

Inji shi ne babban abin da zai ci kuɗi, kuma shi ne ke bayyana shekarar mota tun daga nesa, musamman da yake yawancin irin waɗannan motoci a buɗe ake barin gefen injinsu. Zaɓi na asali shi ne injin Ford mai silinda 8 da ake kira flathead, wanda bawulolinsa ke cikin gangar inji, kansa kuma a shimfiɗe yake. Ya fito a 1932 da girman lita 3.6 da ƙarfin doki 65, Ford ya ci gaba da sa shi a motocinsa na Amurka har zuwa 1953. Mai saye zai fi cin karo da iri biyu. Akwai 59A na shekarun 1946 zuwa 1948, wanda mahaɗar giyabos ɗinsa a jikin gangar take, bututun ruwansa kuma a tsakiyar kai yake fita, akwai kuma 8BA na 1949 zuwa 1953, wanda ake iya kwance mahaɗarsa, ruwansa kuma ta gaba yake fita. Wanda ya tsayar da 1948 a matsayin shekararsa, 59A ne ya dace da shi, domin masana suna gane bambancin da kallo ɗaya. 8BA ya fi sauƙin haɗawa da giyabos iri-iri. Masu neman ƙarin ƙarfi tun a wancan zamani suna sa masa kiranshaf na Mercury na 1949 zuwa 1953, wanda tafiyar fistin ɗinsa inci 4 ce maimakon inci 3.75 ta Ford.

Wannan inji yana da lahani sananne, kuma bai kamata son da ake masa ya rufe wa mai saye ido ba. Hayaƙinsa yana ratsa cikin gangar kafin ya kai salansa, saboda haka yana saurin ɗaukar zafi, kuma tsofaffin gangunan sukan tsage tsakanin mazaunin bawul da bakin silinda. Kada a biya kuɗin ganga sai an wanke ta, an yi mata gwajin maganaɗisu da na matsin ruwa, kuma ya fi kyau a yi yarjejeniya da mai sayarwa cewa ciniki bai faɗa ba sai sakamakon gwaji ya fito. Akwai gangunan da aka ƙera a Faransa domin motocin sojan ƙasar shekaru da dama bayan Ford ya daina nasa a Amurka, waɗanda suka fi ƙuruciya kuma ba su sha wahala sosai ba, sai dai siffar jikinsu ta ɗan bambanta, kuma mai tsananin son asali zai lura. Duk irin wanda aka zaɓa, dole a ware kuɗin lagireto mai kyau da sababbin famfunan ruwa guda biyu da injin ke amfani da su.

Ga wanda shekararsa ta haura 1950, ƙofa ta buɗe. Oldsmobile Rocket da injin Cadillac sun fito a 1949, Hemi na Chrysler a 1951, Nailhead na Buick a 1953, dukkansu masu bawul a saman kai ne kuma sun fi flathead ƙarfi nesa ba kusa ba. Matsalarsu ita ce nauyi, da tsadar kayan gyara, da ƙarancin makanikan da suka san su. Ƙaramin injin V8 (mai silinda 8) na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, shi ne mafi araha da sauƙin kulawa, amma a nan ake yawan yin kuskure: samfurin 265 (lambar girman inji ce a ma'aunin kubik inci) na 1955 ne, 283 na 1957, 327 na 1962, shi kuwa 350 da ya cika kasuwa bai fito ba sai 1967. Ana iya yi wa 350 shigar tsohon inji da murfin bawul da kafireto na da, kuma mutane da yawa suna yi, amma ni ina ganin wanda ya ce yana bin zamani gara ya nemi 283 na gaskiya, tunda har yanzu ana samunsa kuma bambancin kuɗin bai kai na Hemi ba.

A saman flathead, abin da ido ke fara sauka a kai shi ne kawunan alminiyom masu tsaga-tsaga da mazaunin kafireto biyu ko uku. Vic Edelbrock ya fara ƙera irin wannan mazauni tun 1938, sunayen Offenhauser da Navarro da Weiand ma duk na wancan zamani ne. Kafireto mafi shahara shi ne Stromberg 97, abokin takararsa kuma Holley 94. Tsohon 97 na asali yana da daraja, amma yawancinsu sun lanƙwashe saboda ɗaurin shekaru, suna yoyon fetur a kan inji mai zafi, wanda haɗari ne na gobara. Yanzu ana ƙera sabon Stromberg 97 a Ingila da siffar tsohon, kuma a ganina wannan yana cikin wuraren da sabo ya fi tsoho ba tare da an rasa komai na kamanni ba. Holley 94 ya fi araha kuma yana aiki da kyau. Kafireto biyu sun ishi injin da ba a yi wa babban aiki ba, uku kuwa sukan shaƙe shi da fetur sai an sha wahalar saiti.

Giyabos da ya dace da salon farko shi ne na Ford na 1939 mai giya uku, wanda sandarsa ke fitowa daga ƙasa, wasu kuma suna sa masa haƙoran Lincoln Zephyr. Yana haɗuwa kai tsaye da tsohon aksil na baya na Ford. Rauninsa shi ne giyar farko ba ta shiga cikin sauƙi sai mota ta tsaya, kuma a babbar hanya injin yana kuka da yawa. Giyabos T5 mai giya biyar na shekarun 1980 yana magance wannan, yana rage zafi da shan mai, kuma yana ɓoye a ƙarƙashin bodi, sai dai yana buƙatar a sauya yadda ƙarfi ke kaiwa aksil na baya. Mai yawan doguwar tafiya zai gode wa T5, mai zagayen gari da zuwa taron nuni kuwa giya uku ta ishe shi.

Maganar birki ce nake so mai karatu ya fi tsayawa a kanta, domin a nan kuskure ba ya tsayawa a kan kamanni. Ford ya yi amfani da birkin sanda da waya har zuwa 1938, sai a 1939 ya koma birki mai aiki da mai. Samarin wancan zamani da kansu suna cire birkin sanda daga motar Ford samfurin Model A da Ford na 1932, su sa na 1939 zuwa 1948, saboda haka wannan sauyi yana cikin zamani ɗari bisa ɗari. Wanda ya fi shi kamawa shi ne birkin Lincoln irin na Bendix, wanda ake samun sabon ƙirarsa a yau. Gangunan birkin Buick na alminiyom masu tsaga-tsaga na ƙarshen shekarun 1950 ne, suna da kyau kuma suna saurin hucewa, amma ba su dace da motar 1948 ba. Birkin faifai ya fi duka tsayar da mota, sai dai yana ɓata fuskar gaba idan babu murfin taya, ko da yake akwai kamfanonin da ke ɓoye shi cikin murfi mai kama da gangar Buick. Mota mai nauyi kaɗan da flathead tana tsayawa lafiya da birkin Lincoln da aka saita da kyau. Abin da ba zan yarda a yi sassauci a kansa ba shi ne tukunyar man birki: a sa mai ɗaki biyu, wadda idan layin gaba ya fashe na baya zai ci gaba da aiki. A ƙarƙashin mota take, babu mai ganinta. Haka nan bel na kujera, da sababbin bututun birki, da binciken tsagewa a kan tsohon aksil na gaba da aka lanƙwasa domin sauke mota ƙasa.

Taya da rim su ne ke ba mota tsayuwarta. Salon farko yana tafiya da rim mai waya na Ford na 1935 ko na Kelsey-Hayes, ko rim na ƙarfe na 1940, dukkansu inci 16, da siririyar taya a gaba da doguwa a baya, kamar 7.50-16. A lura cewa Ford na 1936 zuwa 1939 yana da tsarin ƙusoshi mai faɗi wanda ba ya shiga na sauran shekarun, don haka a auna kafin a saya. Rim na Torq Thrust na 1963 ne, Cragar S/S na 1964, ba su da wuri a motar da ta tsaya kafin nan. Tayar zamanin ita ce mai zare a gicciye, kuma kamfanin Coker da ke Chattanooga yana sake ƙera ta da sunan Firestone. Tana da doguwar kafaɗa mai kyan gani, amma tana bin tsagin titi kuma ba ta riƙe ƙasa sosai a ruwan sama. Tayar radiyal ta fi ta riƙo da daɗewa, sai dai faɗinta yana tona shekarunta. Yanzu akwai radiyal da aka yi wa siffar tsohuwar. Kada dai a haɗa iri biyu a mota ɗaya.

Idan bodi bai kammala ba, ƙarfen Ford na asali shi ne mafi daraja da tsada, musamman na 1932, kuma sau da yawa tsatsa da tsohon cikon fanel bita sun cinye ƙasansa. Brookville Roadster a jihar Ohio yana buga sabon bodin ƙarfe na Model A da na 1932. Bodin faiba ya fi araha, amma darajarsa a wajen sake sayarwa ba ta kai ta ƙarfe ba.

Fentin zamanin farko shi ne wanda ake kira lacquer, irin na naitiroselulos, mai zurfin launi, wanda ke tsagewa da daɗewa, kuma dokokin muhalli sun taƙaita sayar da shi a wurare da yawa. Fentin zamani mai rufi biyu, launi a ƙasa da garai-garai a sama, yana ƙyalli kamar jiƙaƙƙiyar roba, wanda bai yi kama da na da ba. Mafi kusa shi ne fentin yuretan mai rufi ɗaya, a launuka irin su baƙi, ja mai duhu ko shuɗi mai duhu. Fenti mai ƙyalƙyali da launin alewa sai motar ƙarshen shekarun 1950 zuwa sama, zanen siririn layi irin wanda mai zane Von Dutch ya shahara da shi kuma na tsakiyar shekarun 1950 ne. Barin mota da fentin share fage kawai ya zama yayi, amma a wancan zamani alama ce ta cewa mai ita yana tara kuɗin fenti, kuma irin wannan rufi yana shan damshi har ƙarfe ya yi tsatsa a ƙarƙashinsa.

A ciki, kushin mai ɗinkin layi-layi na fatar roba ta Naugahyde, da agogunan Stewart-Warner, da sitiyarin Ford na 1940 sun dace da kusan duk shekarun. Wuta kuwa sai an yanke hukunci: motocin Amurka sun koma bolt 12 daga bolt 6 a tsakiyar shekarun 1950, Chevrolet a 1955, Ford a 1956. Bolt 12 ya fi tayar da inji mai zafi kuma fitila ta fi haske, ana kuma sayar da na'urar cajin batir ta zamani a cikin kwanson tsohon dinamo. Wayoyi masu rigar zare sababbi ana samunsu, kuma su za a sa a duk inda ake gani, tare da akwatin fis na zamani a ɓoye a bayan dashbod.

Kayan asali an fi samunsu a kasuwannin gwanjon motoci, kamar babban taron Hershey a jihar Pennsylvania kowace Oktoba da na Pomona a Kalifoniya. Mai zuwa can ya tafi da ma'auni, da maganaɗisu na gano ciko a jikin bodi, da hotunan motocin shekarar da ya tsayar daga tsofaffin mujallu, ya kuma nemi takardun mallaka da lambar shasi kafin ya biya kuɗin kowane bodi ko firam, domin idan babu su yin rajistar motar zai iya tsayar da aikin bayan an gama komai.