Iyafis ɗin da ba ya shiga kunne: wata biyu ina gudu da shi

Da yaron shagon ya miƙo mini shi na ɗauka wasa yake. Wani ƙarfe ne mai lanƙwasa da ke zagayo ƙeya, ya hau saman kunne, bakinsa biyu su kwanta a kan ƙashin kunci. Ramin kunne a buɗe yake, babu abin da ya toshe shi. Ya ce, "Yallaɓai, ta ƙashi sautin yake bi ya isa can ciki." Na ce to Allah ya sa ba ƙashin aljihuna kaɗai zai bi ba, don kuɗinsa ya sayi irin nawa na da har guda uku, kun dai san yadda kasuwar waya take yanzu.

Abin da ya kai ni saye shi ne shirin gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu. Kilomita 42 ba a yi masa shirin kwana bakwai, kuma ni lokacin da nake da shi kaɗai shi ne bayan sallar asuba, a bakin titi, kafin gari ya waye sosai. Tsohon iyafis ɗina irin mai toshe kunnen nan ne, in na sa shi duniya ta ɗauke, sai ni da ganga.

A mako na biyu da sayen sabon abin ya faru. Hazo ya sauko, ko mita ashirin ba ka gani a gabanka. Ina kan hanyar Gwarzo, na ci kamar kilomita bakwai, jiki ya yi zafi, kiɗan kalangu na tafiya daidai da ƙafata. Cikin kiɗan sai na ji wani ƙarar ƙarfe a bayana, kamar ana jan kwano a kan kwalta, sai kuma murya: "Malam kauce! Malam kauce, ba birki!" Ban tsaya waiwaye ba, na yi tsalle na faɗa lambatu. Adaidaita sahu ce, ba fitila, cike da buhunan kayan miya, ta wuce ta daidai inda ƙafata take, ta je can gaba ta ci karo da tarin yashi ta tsaya. Direban ya sauko yana salati, hannunsa na rawa, ya fi ni firgita. Ya riƙe ni yana ta "Sannu Malam, don Allah ka yi haƙuri." Ni kuwa ina tsaye cikin ruwan lambatu har idon sawu, gwiwa ta kurje, makaɗin nan bai ma san abin da ake ciki ba, yana ta zuba kirarinsa a gefen kuncina. Na san da tsohon iyafis ɗin ne a kunnena, da ba ni nake rubuta wannan ba. Da na koma gida uwargida ta ga gwiwar, ta ji labari, ita da ta yi mitar kuɗin abin kwana uku ta ce ko ninki biyu ne ya biya kansa.

A ranar da an ce in ba shi maki, tauraro biyar zan ba shi in ƙara da addu'a.

Amma fa a matsayin abin jin kiɗa, akwai magana. Ba shi da gindin sauti ko kaɗan. Duk waƙoƙin zamanin nan da na tara, waɗanda daɗinsu ke cikin dukan nan mai girgiza ƙirji, sun koma kamar ana buga gwangwanin madara a ɗakin maƙwabci. In ka ƙure ƙara don ka nemo dukan, sai abin ya riƙa yi maka cakulkuli a kunci kamar ƙuda ya sauka. Jerin da na ɓata makonni ina tsarawa ya tashi a banza. Kuma ba da ka na tsara shi ba: na ƙirga takuna, ina yin kusan 165 a minti in na daidaita gudu, na bi waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya ina buga yatsa a cinya ina ƙirga bugunsu, wadda ta zo kusa in ajiye, wadda take rabin haka ita ma in ajiye don taku biyu na shiga bugu ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Haile Gebrselassie, ɗan tseren Habasha, lokacin da ya kafa tarihin gudun mita 2000 na cikin ɗaki a Birmingham a 1998, da waƙa ake yi masa a filin, wadda bugunta ya dace da takunsa.

Dole ta sa na sake jeri, kuma a nan na gano abin da ke fita tas a cikinsa: murya da kiɗa mai kaifi. Kalangu, kiɗan 'yan dambe, gangar noma, duk wanda maroƙi ke ɗaga murya a sama. Na yi dariyar kaina, wai sai da abin Bature ya mayar da ni ga abin da kakanninmu suka sani, cewa ba a shiga fage ko gayya shiru. Yanzu kafin in fita, ina ɗaura igiyar takalmi ina miƙa jiki, garaya mai sanyi nake sa wa, don in na fara da mai zafi sai in fita da ƙarfi kamar an koro ni, kilomita uku numfashi ya ƙare. Mai zafin sai bayan minti goma sha biyar. Kirarin dambe kuwa ina ɓoye shi sai kilomita biyun ƙarshe, inda ƙafa ta fara roƙon a tsaya.

Gumi bai taɓa shi ba, wannan na yarda. Sai dai in iskar hunturu ta taso ko tirela ta zo wucewa, kiɗan ya ɓace ke nan sai ta wuce. Batirin da aka ce yana awa takwas, nawa bai taɓa kai biyar ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayar cajinsa, wata 'yar maganaɗisu ce tasa ta daban, ba ta shiga da ta kowace waya. Ƙaramin ɗana ya ja ta ta tsinke, na koma shagon, yaron da ya yi ta yi mini daɗin baki ya ce, "Ai Yallaɓai ba a kawo ta ita kaɗai, sai dai ka ɗauki sabo." Sabo! A kan igiyar da ba ta kai kamu biyu ba. Mai gyaran waya ne ya haɗa mini ita da dalma, yanzu sai na ɗora littafi a kanta take kamawa.

Tauraro uku na ba shi. Uwargida ta leƙo ta gani ta ce in ji tsoron Allah in mayar huɗu. Na mayar, amma in igiyar nan ta sake tsinkewa kafin Fabrairu zan dawo in rage.