Masaukin ƙauye a Shirakawa-go, gaskiya ya ci kuɗinsa

Jama'a, musamman 'yan uwa na Garoua da Maroua masu zuwa Japan sayen kayan mota, in kun gama harkarku a Nagoya don Allah ku daure ku leƙa Shirakawa-go, ƙauye ne can cikin duwatsun jihar Gifu. Jirgin ƙasa za ka hau zuwa Takayama, daga nan bas ta kai ka cikin minti 50 haka. Amma shawarata ita ce ka kwana a can, kar ka bi sahun masu zuwa da rana su yi hoto su juya.

Irin gidajen iyali masu karɓar baƙi na sauka, minshuku suke ce musu, kuma sai ka kama ɗaki tun da wuri don ba su da yawa. Gidan kansa abin kallo ne, katako ne da wata ƙatuwar jinka mai tsini sosai saboda dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa, kuma babu ƙusa a rufin, igiya ce ta ɗaure komai. A da can a benen sama suke kiwon tsutsar siliki. In jinkar ta tsufa gari ne ke fitowa a sake ta tare, gayya dai sak irin tamu, wallahi wannan ya fi komai burge ni. Tun 1995 UNESCO ta sa ƙauyen cikin kayan tarihin duniya amma har yanzu mutane ne ke rayuwa a gidajen, suna noman shinkafarsu a gefe.

Maganar abinci kuma a kula. Kafin zuwa na sa an rubuta musu cewa ba na cin alade ba na shan giya, kuma dole ka ambaci mirin da sake (nau'o'in giyar shinkafa ne) da sunansu don suna zuba su a miya kuma su a wurinsu kayan girki ne kawai. Dattijuwar gidan, Allah ya saka mata, ta kiyaye tsaf, ta kawo gasasshen kifin rafi da awara da ganyayen daji na kan duwatsu da shinkafa, ga miso, wato irin daddawarsu ta waken suya, da ake gasawa a kan busasshen ganye, muna zaune gefen murhun da ke tsakiyar ɗaki. Naman shanun yankin nan na Hida da ake ta yabo dai na haƙura da shi tunda ban san yankansa ba. Sallah babu matsala, ɗakin shimfiɗe yake da tabarmarsu tas-tas kuma ba a shiga da takalmi.

Abin da bai min daɗi ba, sanyi ne na farko, mutumin Garoua ya taho da rigar sanyi ta gaske don hita ɗin ɗaki ba ya isa da asuba. Banɗaki na kowa da kowa ne, bangon ɗaki kuma siriri, tarin maƙwabci ma kana ji. Shaguna na rufewa tun yamma, sannan ka riƙe tsabar yen a aljihu kar ka dogara da kati. Faransanci kuwa babu mai ji a gidan, da waya muka riƙa fassara, ko da yake a ofishin baƙi na Takayama sun ba ni taswira da Faransanci, nan kam sun yi ƙoƙari wajen jawo baƙin waje.

Kuɗin in ka juya shi sefa za ka ɗan ji nauyi, amma har da abincin dare da na safe a ciki. Sai dokokinsu, ba a shan taba ko kunna wuta kusa da jinka, ba a shiga farfajiyar mutane don hoto, shararka kuma ka sa a jaka ka tafi da abinka don ba za ka ga kwandon zubawa a hanya ba.