Labarin Soyayya ko na Tarihi: Zaɓin Mai Karatu a Sakkwato

Sababbin littattafan soyayya sun fi saurin yaɗuwa, domin a waya ake karanta da yawansu, kashi-kashi ta WhatsApp, kuma marubutansu sun iya jan zaren labari, sai dai rikicin kishiya da auren dole sun cika maimaituwa. Ƙagaggen labarin tarihi kuwa aiki ne mai wuya a Sakkwato, garin da Hubbaren Shehu yake. Marubucin da ya gina labarinsa a kan yaƙin Tafkin Kwato na 1804 ko faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, idan ya rikita sunan sarkin Gobir guda, dattawa ba za su ƙyale shi ba. Ni dai na fi karkata ga na tarihi, ko da yake samunsu a kasuwa yana da wuya.