Shagon littattafan Kirista na kusa da Terminus a Jos, ga yadda na same shi

In kana neman Littafi Mai Tsarki na Hausa a Jos, wannan ɗan shagon na kusa da Terminus ya fi manyan da ake ta tallarsu, gaskiya. Ƙarami ne, mutum uku in suka shiga ya cika, amma akwai fassarar 1979 wadda galibinmu muka taso da ita a coci, akwai sabuwar mai sauƙin Hausa, akwai mai manyan baƙaƙe dan tsofaffi, ga littafin waƙoƙi, ga memori mai karatun Sabon Alkawari ga wanda bai iya karatu ba.

Abun da ya sa nake wannan rubutun dai dattijon da ke zama a shagon ne. Ƙanena na raka, yana cikin mawaƙan cocinmu, wani abokin aikinsa ya ce masa munafuki a gaban mutane wai kullum yana waƙar Yesu amma bashin da ya ci tun bara ya ƙi biya, yaron ya zo a fusace yana so a ba shi littafin da zai koya masa yadda zai mayar da martani. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan yace, ɗana bashin gaskiya ne ko ƙarya? Yace gaskiya ne Baba. Sai ya ɗauko Littafi daga kanta, ya share ƙurar bangon da hannun rigarsa, ya buɗe masa Galatiyawa 2, inda manzo Bulus ya tsawata wa manzo Bitrus ido da ido a Antakiya saboda Bitrus ya daina cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, lokacin da mutanen Yakubu ɗan'uwan Yesu suka iso, har Barnaba abokin aikin Bulus ma ya biye wa Bitrus. Yace toh in manzo guda an kama shi da wannan laifin, kai waye da za ka ce ba a isa a faɗa maka ba. Ya nuna masa Matiyu 7, maganar gungumen da ke idonka da ɗan hakin idon ɗan'uwanka, yace ka fara zuwa ka ba mutumin haƙuri, ka biya ko rabi ne, ka sa ranar cikon. In kuma wata rana sharri aka yi maka, 1 Bitrus 3:15-16 na nan, ka amsa da tawali'u halinka ya wanke ka, ba sai ka yi ta cacar baki a Facebook ba.

Ni wannan ya taɓa ni sosai, dan mutumin da ya zo sayen littafin gardama mai tsada aka sallame shi da ayoyi uku a bayan rasit, ko sisi ba a karɓa ba. Mai neman riba kawai ba zai yi haka ba.

Inda suka gaza: farashi ya ɗan yi sama, kuma ba ragi ko ka roƙa. Littattafan yara na Hausa kaɗan ne ƙwarai, kusan duk Turanci, wannan ya kamata su gyara dan malaman makarantar Lahadi na ƙauye su suka fi buƙata. Wurin ajiye mota babu, gara ka hau keke.

Ku je da safe kafin kasuwa ta cika, lokacin Baba yake samun sukunin zama da mutum, kuma ku riƙe tsabar kuɗi dan POS ɗinsu yakan ƙi aiki. Lahadi a rufe suke.